Kafin ka ce sabis ne, kafin ka zargi maigadi, zare kebul ɗin hob tukuna

Yau wata magana ce ta tsaya min a rai tun bayan kaka, na ga gara in sauke ta a nan, don na san cikin masu bibiyar wannan shafin akwai waɗanda suka ja kebul na intanet a gida ko a shago, akwai kuma masu shirin ja.

Mun cika saurin cewa "sabis ne". Intanet ya tsaya, sabis ne. Kyamara ta ɗauke, sabis ne. Idan kuma aka duba waya aka ga sabis cike fal, sai a juya kan mutum, a ce ai wani ne ya taɓa. Ni a ganina, duk gidan da aka ja kebul yana aiki lafiya lau sannan ya fara tangarɗa, abin da ya kamata a fara tuhuma shi ne na'urar da aka jona ta ƙarshe. Kuma a 'yan shekarun nan, sau da yawa wannan na'urar hob ne.

Ga wanda bai san shi ba, hob wani ɗan akwati ne, girmansa bai fi sabulun wanka ba. Ana sa masa kebul daga rawuta, shi kuma ya riƙa magana da ƙananan kayan gida na zamani: ɗan abin da ake mannawa a ƙofa ya sanar da kai an buɗe, ƙwan fitilar da ake kashewa daga waya, soket mai bin umarni, makulli mai lamba. Wasu da manhajar Smart Life ko Tuya suke aiki, wasu na Aqara ne, Samsung ma na da nasu SmartThings. Da can sai a bidiyo muke ganinsu. Yanzu kuwa 'yan uwanmu da ke aiki a Kano da Abuja da Saudiyya sun fara shigo mana da su ƙauye a matsayin tsaraba.

Bari in ba ku abin da ya sa nake wannan maganar.

Akwai wani Alhaji a wani ƙauye da ke gefen hanyar Ɗambatta zuwa Kazaure, ɗan kasuwar hatsi ne. Da kaka yana sayen wake da riɗi da gyaɗa a hannun manoma ya tara a sito, idan farashi ya ɗaga ya loda mota zuwa Dawanau. Siton a jikin gidansa yake. An sa masa kyamarori huɗu masu kebul, da na'urar da ke naɗar hotonsu wadda ake kira NVR a ɗakinsa, da rawuta mai sim wadda aka ɗaga eriyarta a kan dogon ƙarfe, sai suwic mai rami takwas a shagon ƙaramin ɗansa da ke yin firintin da fotokwafi a ƙofar gida. Duk waɗannan a kan sola da batir suke, dare da rana. Sun fi shekara suna aiki babu ko tari.

Sai babban ɗansa ya zo biki daga Abuja, ya kawo hob da 'yan na'urorin ƙofa guda biyu, ya ce a manna a ƙofar sito, duk wanda ya buɗe, waya za ta yi ƙara. Shi da kansa ya jona, ya gwada da daddare, wayar ta yi ƙara sau ɗaya ko biyu, kowa ya yi ta sa albarka. Washegari ya kama hanya.

Bayan kwana goma ko fiye, Alhaji ya zauna duba abin da kyamara ta naɗa. Sai ya ga kullum daga bayan Magariba zuwa wajen sha ɗayan dare babu komai, baƙi ƙirin. Kafin Magariba akwai hoto, bayan sha ɗaya akwai hoto. To wa ke zaune a ƙofar sito a daidai wannan lokacin? Maigadi. Kuma kebul ɗin kyamarar ƙofa ta saman bencinsa ya bi.

Kun san yadda ƙauye yake. Aka ƙirga buhuna, wani ya ce biyu babu, wani ya sake ƙirgawa ya ce sun cika. Amma magana ta riga ta fita. Mutumin nan magidanci ne, da mata da 'ya'ya, daga ƙauyen da ke maƙwabtaka yake zuwa, kuma a irin wurarenmu da gari ke jikin gari, gona ke jikin gona, abin da aka faɗa a wannan masallacin da Asuba kafin Azahar ya kai wancan. Idan aka kira ka ɓarawo sau ɗaya, har 'ya'yanka sai sun ɗauka. Ba a kore shi ba tukuna, amma an fara neman wanda zai maye gurbinsa.

A gefe guda kuma an kashe kuɗi. Tunda intanet ɗin gidan ma yana mutuwa a daidai lokacin, aka canza sim zuwa wani layin. Bai yi ba. Aka aika Kano aka sayo sabuwar rawuta. Bai yi ba. Aka kira wani mai gyara, ya zo da hantsi, ya duba komai ya ga yana aiki, ya karɓi kuɗin mota ya tafi. Tafiyarsa ma ƙara wa maigadi nauyi ta yi, don an ce to ga shi mai gyara ya ce kaya lafiyarsu ƙalau.

Ni ta hanyar waya na shigo maganar. Ƙaramin ɗan Alhaji kwastomana ne, ya kawo min wayarsa ranar kasuwa ya ce manhajar kyamara ta lalace, in yi mata filashin. Na buɗe na ga kyamarori huɗu suna nunawa tar. Na ce masa wane lokaci take ƙi? Ya ce kullum bayan Magariba. Na ce to wayarka ba ta san Magariba ba, ajiye kuɗinka, zan zo gidan da yamma.

Na je muka yi sallah a masallacin ƙofar gidansu, na ja kujera na zauna gaban suwic. Fitilunsa suna ƙyaftawa yadda aka saba, kowace da nata lokacin. Can sai na ji an tayar da inji a bayan gida. Ba a yi minti biyu ba fitilun nan suka haukace gaba ɗaya, duk suna ƙyaftawa tare da sauri kamar fitilun gidan biki. Yaron ya leƙa ɗakin babansa ya dawo ya ce kyamarori sun ɗauke. Na ce ya kira min Alhaji. Da ya fito na ce, "Alhaji, don Allah dubi can." Maigadi na zaune a bencinsa, kwanon tuwo a gabansa, hannunsa a ciki.

Daga nan aikin bai fi na minti biyar ba. Na fara zare kebul ɗaya bayan ɗaya, ina jira kaɗan in ga fitilu. Na farko, shiru. Na biyu, na uku, na huɗu, haka. Ina zare na biyar fitilu suka natsu, kyamarori suka dawo. Na mayar da shi, suka sake haukacewa. Na bar shi a jone na zare na shida, suka sake natsuwa. Kebul biyu, kowanne ka cire ciwon ya warke. Wannan ya nuna min wuri ɗaya suka nufa. Muka bi su ta saman bango har falo, bayan talabijin, sai ga hob mai rami biyu, kowane rami da kebul ɗinsa. Shi kuma soket ɗin falon a layin inji yake, tare da firij da talabijin. Da rana hob a mace yake, shi ya sa mai gyaran da ya zo da hantsi bai ga komai ba.

Aka kira babban ɗan a waya. Ya ce, "Wallahi Baba rami biyu na gani, na ɗauka ɗaya na shiga ne ɗaya na fita, kamar na dikoda." Ban ga laifinsa sosai ba. 'Yar takardar da ta zo da abin ba ta fi tafin hannu ba, kuma ko sunan kamfani babu a jikin kwalin. Rami na biyun an yi shi ne don ka jona wata na'urar daban ta bi ta cikinsa, misali talabijin. Shi kuma ya mayar da shi inda ya fito.

Me ya sa kebul ɗaya da ya yi yawa zai kashe gida gaba ɗaya? Ku tuna da lasifikar masallaci idan ladan ya matso da makirfo kusa da ita. Ɗan sautin da ya shiga makirfo ya fito ta lasifika, ya sake komawa makirfo, ya sake fitowa da ƙarfi, kafin ka ankara sai wannan ƙarar mai huda kunne. Haka yake a suwic. Akwai irin saƙon da na'ura ke aikawa ga kowa da kowa, kamar mai shela a gari, misali tana tambayar wa ke da lamba kaza. Aikin suwic shi ne ya maimaita shelar ta kowane rami ban da wanda ta shigo. Idan akwai zagaye, shelar ta fita ta rami na biyar, ta ratsa hob, ta dawo ta rami na shida, suwic ya ɗauka sabuwa ce ya sake rabawa. Kuma a wannan matakin saƙon ba shi da wa'adin mutuwa, haka zai yi ta kewayawa, sababbi na ƙaruwa a kansa, har hanya ta toshe. Hoton kyamara bai samu wurin wucewa ba, rawuta ma ta shaƙe, shi ya sa har Wi-Fi ya tsaya.

Matsalar nan tsohuwa ce. Tun 1985 wata injiniya 'yar Amurka, Radia Perlman, ta ƙirƙiro dabarar da suwic zai gane zagaye ya toshe hanya ɗaya da kansa, ana kiran ta STP. Manyan suwic na ofisoshi suna da ita. Ƙananan na roba da muke saye yawanci babu. Akwai dai wasu ƙananan da aka rubuta a kwalinsu cewa suna gano zagaye ko suna hana shi, kuma ni yanzu duk wanda ya ce in raka shi Farm Centre ko Beirut Road sayen suwic, irinsu nake sa shi nema, ko da ya ɗan ƙara kuɗi. A gidan da yara ke shiga da fita, wata rana sai wani ya ga kebul a ƙasa ya ga rami a buɗe, ya yi taimako.

Na ba wani abokin sana'ata wannan labarin, sai ya ce shi bai yarda ba, ai iskar hob ce ke shiga kebul. Wai tunda yana watsa sigina, siginar ce ke dagula wayar da ke kusa. Har ya ce ya taɓa naɗe wani hob da takardar alminiyam. A nan muka rabu. Gaskiya ne yawancin hob ɗin nan da Zigbee suke magana, shi kuma Zigbee a zangon 2.4 GHz yake, inda Wi-Fi da Bluetooth suke. Don haka suna iya takura wa juna a iska. Idan ka ɗora hob a kan rawuta, kada ka yi mamaki idan na'urar ƙofa ta riƙa ɓacewa. Maganin wannan shi ne ka raba su ko da mita ɗaya ne, ka tsayar da Wi-Fi a tasha ta 1 ko ta 6 ko ta 11, idan kuma rawutarka na da 5 GHz ka mayar da wayoyi can. Amma kebul wani abu ne daban. Ƙarfin siginar Zigbee ƙanƙani ne ƙwarai, shi kuma kebul na intanet wayoyi takwas ne a ciki, an murɗe su biyu biyu, kuma murɗin nan an yi shi ne musamman don hayaniyar waje ta soke kanta. Wanda ya naɗe hob da alminiyam, hob ɗin kawai ya toshe wa baki. Idan hob ya dagula kebul, to ta cikin ramin ya bi, ko ta wutar da yake sha.

Zagaye kuma ba shi kaɗai ba ne. Akwai hob ɗin da a gaskiya rawuta ce aka haɗa mata Zigbee a ciki. Irin wannan yana zuwa da nasa tsarin rabon lamba, wanda ake kira DHCP. Kowace na'ura da ta shigo gida sai an ba ta lambar IP, kuma rawuta ce ke bayarwa. Idan ka sa kebul a ramin LAN na irin wannan hob ɗin, masu rabo sun zama biyu. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Wayar da ta tambaya, duk wanda ya riga amsa mata shi za ta bi. Idan rawuta ce ta riga, intanet ya yi. Idan hob ne, za ka ga Wi-Fi a jone amma ko saƙon WhatsApp ba ya tafiya. Alamarsa ke nan: wayar wannan na aiki ta wancan ba ta yi, gobe kuma su yi musaya. Wannan ya fi zagaye wahalar kamawa don ba ya kashe gida lokaci ɗaya, ɗaiɗai yake ɗauka.

Da wayarka za ka gane shi. Shiga Settings, shiga Wi-Fi, taɓa sunan wanda kake kai, ka duba IP address da Gateway. Sai ka juya rawutarka ka karanta lambar da ke takardar bayanta, yawanci 192.168.0.1 ce ko 192.168.1.1, na Huawei da yawa 192.168.8.1. Idan Gateway ɗin wayarka ya yi daidai da wannan, lafiya. Idan ka ga wata lamba daban, akwai mai rabo na biyu a gidan. Idan kuma a kwamfuta ka ga lambar ta fara da 169.254, to ta tambaya ne babu wanda ya amsa mata, ta laƙaba wa kanta. Gyaran shi ne a shiga saitin hob a kashe masa DHCP, ko a mayar da kebul ɗin ramin WAN idan yana da shi.

Sai kuma karon lamba, na'ura biyu su ɗauki lamba ɗaya. Wannan masu kyamara ya fi samu. Kyamarorin Hikvision da lambar 192.168.1.64 suke fitowa daga kamfani, na Dahua kuma 192.168.1.108, kuma masu sakawa da yawa haka suke barin ta farko, su ɗora sauran a kusa da ita. Rawuta ba ta san an riƙe waɗannan lambobin ba. Ranar da aka jona hob, tana iya miƙa masa ɗaya daga ciki. Sai ka ga kyamara ɗaya tak tana zuwa tana ɗaukewa, sauran lafiya. Manhajar Fing kyauta ce, tana jero maka duk abin da ke kan Wi-Fi da kebul na gidan da lambar kowanne. Zare hob ka duba, mayar da shi ka sake dubawa, ka ga wace lamba ya ɗauka.

Yanzu bari in zo ɓangaren da ya fi kusa da teburina, wato caja. Duk mai gyaran waya ya san wannan: mutum ya kawo waya ya ce sikirin na taɓa kansa, yana buɗe abubuwa shi kaɗai. Ka tambaye shi, sai ya ce idan tana caji ne kawai. Ka sa mata caja mai kyau ta natsu. Cajar banza ba ta tace wutar da take fitarwa, hayaniya take turawa cikin na'ura. To hob ma da 'yar adafta yake zuwa, wani lokaci ma babu adafta a kwalin sai kebul na USB kawai, mai gida ya lalubo tsohuwar cajar da ke ƙarƙashin gado ya sa. Ka haɗa wannan da wutar ƙaramin inji mai hawa da sauka, ko inbata mai araha irin wadda fanka ke gurnani a kanta, sai ka ga hob na mutuwa yana tashi, fitilar raminsa a suwic na ɗaukewa tana dawowa. Idan suwic da rawuta a kan jonin wuta ɗaya suke da wannan cajar, su ma tana iya taɓa su. Gwajin mai sauƙi ne idan hob ɗin na 5V ne: cire caja ka sa masa fawa bank. Idan komai ya daidaita, ka jefar da cajar, ka nemi wadda bolt da amfiyarta suka yi daidai da abin da aka rubuta a ƙasan hob. Kada ka sa masa 12V don kawai bakin ya shiga. Na ga allon da ya ƙone a haka, ba ya gyaruwa.

Kebul kansa ma sai an duba shi, musamman wanda aka ja daga baya saboda hob, don shi ne aka fi ja cikin gaggawa. Kasuwa cike take da kebul da aka rubuta Cat6 a jikinsa alhali alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kankare waya ɗaya da reza, idan cikin ya fito fari, shi ne. Araha ba ta ado. Irin wannan saurin karyewa yake a bakin kai, ga zafin ƙarƙashin kwano, ga ɓera. Tsawon kebul ɗaya kada ya wuce mita 100. Kada a ɗaure shi jiki da jiki da wayar inji ko a cusa su bututu ɗaya, idan dole su haɗu su gitta juna su wuce. Wurin matse kai kuma a bi jerin kaloli na ƙa'ida. Wasu na cewa ai in dai gefe biyun sun yi daidai da juna shi ke nan. Fitila za ta kama kam, amma an raba wayoyin da aka murɗe tare, kariyar ta tafi, da an tayar da inji sai ya fara zubar da saƙo. Sannan wanda ke da eriyar waje mai shan wuta ta cikin kebul, irin mai 24V ɗin nan, ya kula da ramin da aka rubuta POE a jikin adaftarta. Na eriya ne kaɗai. Ka sa hob a nan, kana iya jin ƙauri.

Abin da na lura da shi a taƙaice, idan gida gaba ɗaya ya mutu lokaci guda, har Wi-Fi, fitilun suwic na rawa tare, nemi zagaye. Idan wasu na yi wasu ba sa yi, nemi mai rabon lamba na biyu. Idan na'ura ɗaya ce ke wahala, kebul ɗinta ne, ko cajarta, ko wani ya hau lambarta. A duk ukun, zare kebul ɗin hob yana iya gaya maka ko da hannunsa a ciki, kuma ko sisi ba ka kashe ba.

Akwai masu cewa a bar wannan dogon bayani, a jefar da hob ɗin kawai, kayan 'yan birni ne, mu da ko wutar kirki ba mu da ita me ya haɗa mu da gida mai wayo. Na fahimce su, kuma rabin maganarsu gaskiya ce. Ƙwan fitilar da ake kashewa daga waya, a gidan da makunni ke nan a bakin ƙofa, ni ma ban ga amfaninsa ba. Amma na'urar ƙofar sito daban ce. Ɗan batirinta yana daɗewa, data kaɗan take ci, kuma mutumin da ya zuba jarinsa na shekara a buhunan wake yana da haƙƙin ya san an buɗe ƙofa ƙarfe biyun dare. Abin dariyar a gidan Alhaji shi ne, hob ɗin yana raye ne kawai lokacin da inji ke aiki, lokacin da kowa idonsa biyu, ana hira a ƙofar gida. Da an kashe inji an kwanta, lokacin da ake buƙatarsa, shi ma ya kwanta. Wato ko da babu zagaye, aikin banza yake yi a wannan soket ɗin. Duk abin da aka saya don tsaro, a layin batir ya kamata ya zauna, tare da rawuta, don saƙon ba zai iso wayarka ba sai da intanet.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu gyara muna da namu kason. Mutum ya ce maka abu da daddare yake lalacewa, kai kuma ka je da hantsi don kada dare ya yi maka a hanya, ka ce lafiya lau. Ko ka ce a sayo sabuwar rawuta ba tare da ka zare ko kebul ɗaya ba, don canza kaya ya fi saurin kawo kuɗi kuma ya fi kama da aiki a idon mai gida. Sannan muna jan kebul takwas duk kala ɗaya, babu wanda muka rubuta wa suna. Salatif da biro nawa suke? Da an rubuta "falo" a jikin kebul biyu, ko ɗan Alhaji mai fotokwafi zai tsaya ya ce me ya kai biyu falo. Tambaya biyu nake fara yi yanzu kafin in taɓa komai: me aka ƙara kwanan nan, kuma wane lokaci abin ke faruwa. Masu gida kuma don Allah ku riƙa faɗa. Sau da yawa sai an sha wahala sannan a ce, au, ai yaro ya jona wani abu, amma ɗan ƙarami ne, ba zai zama shi ba.

Abin da ya fi tsaya min shi ne yadda aka yarda da baƙin sikirin a kan mutum. Kyamara ba ta nuna maigadi yana ɗaukar buhu ba. Ba ta nuna komai ba ne kawai, mu muka cike gurbin da sunansa. Na'urar da ke mutuwa a lokaci ɗaya kullum, ta dawo a lokaci ɗaya kullum, agogo take bi, kuma a ƙauyukanmu babban agogon dare shi ne inji da batirin sola da ke yin ƙasa. Mai sata ba ya tsayawa sai an tayar da inji sannan ya zare kebul, ya kuma mayar da shi daidai lokacin da aka kashe.

A daren muka cire kebul ɗaya muka naɗe, muka ɗauko hob daga falo muka kai shi shago a layin batir, ɗan nesa da rawuta, muka rubuta wa kowane kebul sunansa. Na'urar ƙofar sito ta fi kusa da shi ma a can. Muka buɗe ƙofa waya ta yi ƙara, inji na aiki, kyamarori huɗu na nunawa. Alhaji ya tsaya shiru na ɗan lokaci, sannan ya taka har wurin benci ya ce, "Malam, mun ɗauki alhakinka, ka yafe mana." Mutumin ya ce, "Ba komai Alhaji, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Washegari Alhaji ya maimaita maganar a masallaci bayan Asuba, a gaban waɗanda suka ji ta farko.

Makon jiya na bi ta wurin zan kai wa yaron wayarsa. Maigadin na nan a bakin aikinsa. Sai dai ya ɗauke bencinsa daga ƙarƙashin kebul ɗin ya mayar ɗaya gefen ƙofar, inda iskar hunturu ta fi bugawa, kuma yaron ya ce min sun yi sun yi ya dawo da shi ya ƙi.